LIKITA LIYEBO NA BIRNIN NANSI, MAI JINYA DA LALLASHI

Cikin likitocin Turai da suka shuɗe akwai wani wanda ya yi shekara wajen ashirin 'yan'uwansa likitoci suna yi masa dariya. Waɗansu suna ce masa mayaudari, domin yana jinyar mutane ba tare da ƙwaya ko ruwan kwalba ba. Waɗansu kuma suna ce masa wawa, domin ba ya karɓar ko anini. Amma kafin ya mutu sai da manyan likitoci suka riƙa tasowa daga Ingila da Holan da Suwidin da Ostiriya, su zo su zauna cikin talakawa a wani ɗan ɗaki da ke lambun gidansa, don su ga yadda ya ke aiki. Sunansa Ambroise-Auguste Liébeault, mutumin Faransa. Da ya ke rubutun Faransanci ya sha bamban da yadda a ke faɗinsa, za mu riƙa rubuta sunan yadda kunne ke jinsa, watau Liyebo.

Abin da ya shahara da shi wata dabarar jinya ce wadda Turawa ke kira hifnotizim. Kalmar ta fito ne daga sunan barci a harshen mutanen Girka. Yadda a ke yi shi ne, likita ya zaunar da mara lafiya, ya yi ta yi masa magana har jikinsa ya saki, hankalinsa ya taru wuri ɗaya, ya shiga wani hali tsakanin barci da farke. A cikin wannan hali ne likita ke cusa masa maganar samun sauƙi. Mu a nan za mu riƙa kiran abin barcin lallashi.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Liyebo ran 16 ga watan Satumba, 1823, a wani ƙauye mai suna Favières, cikin lardin Loren, can gabashin Faransa wajen iyakar Jamus. Iyayensa manoma ne, shi ne kuwa na goma sha biyu cikin 'ya'yansu. Sun so ya zama limamin coci, har suka sa shi makarantar da a ke horon limamai, amma zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba. Cikin 1844 ya tafi birnin Strasbourg ya shiga karatun likita, ya fita da takardar shaida cikin 1850, yana da shekara 26.

Tun yana ɗalibi wani littafi ya faɗo hannunsa, wanda ke bayanin abin da mutanen wancan zamani ke kira maganaɗisun jiki. Ya karanta, ya jarraba a kan mutum kaɗan, ya ga lalle sun shiga wani irin barci. Amma ya ajiye abin, domin a lokacin duk likitan da ya taɓa wannan sha'ani ya zubar da mutuncinsa. Don masu karatu su gane dalilin haka, sai mun koma baya kaɗan.

MESMER DA WAƊANDA SUKA BIYO SHI

Cikin 1778 wani likita Bajamushe mai suna Mesmer ya taso daga Biyana ya sauka Faris. Ya ce akwai wani ƙarfi ɓoyayye, mai kama da na maganaɗisu, wanda ke gudana cikin jikin kowa, ciwo kuma ya kan zo ne in ƙarfin nan ya toshe. Ya ce shi yana iya tura shi daga jikinsa zuwa jikin mara lafiya. Masu kuɗi suka yi ta tururuwa gidansa, waɗansu suna faɗuwa suna makyarkyata, waɗansu suna tashi su ce sun warke.

Da abin ya yi yawa, cikin 1784 Sarkin Faransa ya naɗa kwamitin masana don su bincika. Cikinsu har da Benjamin Franklin, jakadan Amurka, da Lavoisier, masanin haɗa sinadarai. Suka ɗaure wa mutane idanu suka gwada su. Wanda aka ce masa ana tura masa ƙarfin, alhali ba a yi masa kome ba, sai ya kama rawar jiki. Wanda kuwa aka yi wa abin ba da saninsa ba, ko gezau. Kwamiti ya ba da rahoto cewa babu wani ƙarfi ɓoyayye, tunanin mutum ne kawai ke aiki a jikinsa. Likitoci suka ɗauka magana ta ƙare ke nan. Cikin 1840 ma Majalisar Likitocin Faransa ta yanke shawara ba za ta ƙara sauraron kowa a kan wannan batu ba.

Amma fa akwai tambayar da ta rage ba a amsa ba. In dai tunani kaɗai yana iya ka da mutum ƙasa ya sa shi makyarkyata, ashe ba za a iya juya shi ya kawo wa mutum sauƙi ba? Mutum biyu sun riga Liyebo bin wannan hanya. Na fari wani limamin Kirista ne mai suna Faria, mutumin Goa ta ƙasar Indiya, wanda ya riƙa nuna wa jama'a a Faris tun 1813 cewa da umurnin baki kaɗai a ke sa mutum wannan barci, asalin abin kuma yana cikin mai barcin ne. Na biyu James Braid ne, likitan fiɗa a Manchesta ta Ingila. Cikin 1841 ya je kallon wani mai wasan maganaɗisu da zaton ƙarya ce tsagwaronta, sai ya lura wanda a ke yi wa abin lalle ya kasa buɗe idonsa. Ya koma gida ya yi ta gwaji, ya gano in mutum ya ƙura wa wani abu mai ƙyalli ido, ya tara hankalinsa a kansa, ya kan shiga wannan hali ba tare da an taɓa shi ba. Ya buga littafinsa cikin 1843, ta dalilinsa ne kuma sunan hifnotizim ya bazu.

LIKITAN ƘAUYE

Da Liyebo ya gama karatu sai ya zauna a Pont-Saint-Vincent, wani ɗan gari kusa da birnin Nansi. Shekara goma yana aikin likita irin na kowa, yana bin ƙauyuka, yana ba da magani yana karɓar kuɗinsa, har ya tara abin da zai rufa masa asiri. A ƙarshen 1859 aka kai wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faris labarin wata mace da aka yi wa 'yar fiɗa bayan an sa ta barci bisa hanyar Braid. Manyan Faris suka yi ɗokin abin na 'yan watanni, suka watsar. Liyebo kuwa, can ƙauye, ya ɗauko abin da ya ajiye tun yana ɗalibi, daga 1860 ya duƙufa a kansa.

Manoman Loren mutane ne masu tsantseni, ba su yarda da baƙon abu da wuri, kuma ba su son rabuwa da kuɗi. Liyebo ɗansu ne, ya san halinsu. Saboda haka ya ba su zaɓi: wanda ke son maganin kwalba ya biya kamar yadda aka saba, wanda ya yarda a yi masa jinya da barcin lallashi kyauta ne. Da fari kaɗan suka yarda. Da waɗannan suka koma gida suka ba da labari, sai masu zuwa suka yi ta ƙaruwa. Cikin shekara huɗu ya wayi gari da marasa lafiya fiye da dā nesa ba kusa ba, amma kuɗin shiga sun kusa ƙafewa.

Cikin 1864 ya tattara ya koma Nansi, ya sayi gida, ya zauna shekara biyu yana rubuta abin da ya gani. Littafin ya fito cikin 1866, yana magana a kan barci da halayen da suka yi kama da shi, da yadda zuciya ke aiki a kan jiki. Gindin maganarsa shi ne, mutum ya kan yi barci ne in ya janye hankalinsa daga abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji, ya tara shi a kan tunanin barci. Barcin lallashi ma haka ya ke, sai dai mai yinsa bai yanke hulɗa da likitan da ya sa shi ba, yana jin muryarsa, yana karɓar abin da ya faɗa. Hankalin da ya taru haka kuwa, in aka fuskantar da shi wajen da ke ciwo, yana iya canja yadda jiki ke ji. Littafin bai sami kasuwa ba ko kaɗan, har a kan ba da labari cewa kwafi ɗaya tak aka saya cikin shekaru da yawa. Abokansa suka ce ya taɓu.

YADDA YA KE AIKI

Wannan bai sa ya bari ba. Ya gyara wani ɗan gini a lambun gidansa, ya buɗe shi ga duk mai so. Tun ƙarfe bakwai na safe har tsakar rana ya ke ganin mutane, kullum tsakanin 25 da 40, yawancinsu talakawan birni da manoman karkara. Waɗanda suka gan shi sun ce gajeren mutum ne, mai kuzari, mai yawan magana, fuskarsa duk tamoji, wanda bai san shi ba sai ya ɗauka manomi ne. Mutanensa suna kiransa Baba Liyebo.

Ba shi da wani kayan aiki sai kujera. Mara lafiya ya zauna ya jingina, Liyebo ya ce masa ya dube shi ido cikin ido, kada ya tuna kome sai barci. Sa'an nan ya shiga lissafa masa alamomin barci ɗaya bayan ɗaya, kamar suna aukuwa a lokacin: fatar ido tana nauyi, gani yana dushewa, hannuwa da ƙafafu suna mutuwa, jiki duka yana saki. Yana faɗa yana maimaitawa, har idon mutum ya rufe don kansa. Da ya ga jiki ya saki, sai ya juya kan ciwon. Ya kan ɗora hannu inda ke zafi, ya tabbata wa mutum cewa zafin yana raguwa, zai ci abinci ya narke, zai yi barci da dare, ƙarfinsa zai komo. Bayan 'yan mintoci ya tashe shi, wani ya hau kujera. Waɗansu sau ɗaya ya ishe su, waɗansu sai sun yi ta dawowa.

Duk wannan a gaban jama'a a ke yi, sauran masu jira suna zaune suna taɗinsu. Mai karatu zai zaci hayaniya za ta ɓata aikin, amma taimako ta ke yi. Baƙon da ya zo da tsoro ya kan zauna ya ga mutum goma sun hau kujera sun lumshe ido, sun tashi lafiya lau suna murmushi. Kafin layi ya zo kansa tsoro ya fita, ya kuma riga ya san abin da zai auku gare shi. Rabin aikin ya ƙare ke nan tun likita bai buɗe baki ba. Yara ma ba su jin tsoronsa, ya kuwa yi jinyar masu fitsarin kwance da yawa.

Liyebo mutum ne mai ajiye lissafi. Ya lura ba kowa ke nutsewa daidai da kowa ba, ya kasa abin mataki shida, tun daga nauyin ido da kasala har zuwa barci mai zurfi wanda in mutum ya farka ba ya tuna abin da aka yi. Cikin 1880 kaɗai ya gwada mutum sama da 1,000, 27 ne kawai abin bai kama su ba ko kaɗan. Ya kuma lura sau da yawa wanda bai wuce matakan fari ba ya kan sami sauƙi kamar wanda ya nutse ƙwarai.

ZUWAN BERNHEIM

Yaƙin Faransa da Jamus na 1870 zuwa 1871 ya canja Nansi. Jamus ta ƙwace Strasbourg, saboda haka cikin 1872 aka mai da makarantar likita ta can zuwa Nansi, malamanta da yawa suka biyo ta. Cikinsu akwai Hippolyte Bernheim, wanda ya zama ɗaya daga manyan malaman likita na jami'ar. Shekara goma suna gari ɗaya da Liyebo, babu abin da ya haɗa su.

Cikin 1882 aka sami wani mutum mai ciwon jijiyar nan da ke saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa. Bernheim ya yi wata shida yana jinyarsa, babu sauƙi. Mutumin ya je wurin Liyebo, ya samu lafiya. Labari ya kai kunnen Bernheim, ya tafi ɗakin lambun nan cike da shakka. Gani ya kori ji. Ya zauna ya duba, ya komo ya sāke dubawa, daga nan ya roƙi tsohon ya koya masa. Sai mu tuna wane ne ke roƙon wane: babban malamin jami'a mai shekara 42, wanda sunansa ya riga ya fita, ga shi yana ɗaukar karatu wurin likitan ƙauye wanda gari ke yi wa dariya. Bernheim ya shigar da dabarar asibitinsa, ya gwada ta a kan ɗaruruwan mutane, ya buga littafi cikin 1884, ya buga wani mafi girma cikin 1886. Bai ɓoye inda ya samo ilmin ba, ya ambaci malaminsa a fili, har mutane suka shiga neman tsohon littafin nan da ya yi kwantai. Waɗansu malaman jami'a biyu suka haɗu da su, Beaunis masanin aikin gaɓoɓin jiki, da Liégeois malamin shari'a. Su huɗun nan da almajiransu a ke kira Makarantar Nansi, ko da ya ke ba wani gini ba ne, ra'ayi ne ya tara su.

GARDAMA DA MANYAN FARIS

A wannan lokaci babu likitan jijiyoyi da ya kai Charcot suna a Faransa, ana faɗin sunansa Sharko. Yana shugabancin wani sashe na babban asibitin Salpêtrière a Faris. Cikin watan Fabrairu 1882 ya karanta wa Majalisar Masana Kimiyya bayaninsa, ya ce wannan barci wata irin cuta ce ta jijiya, ba ya kama kowa sosai sai masu wani ciwo mai kama da farfaɗiya, kuma yana da mataki uku da ke bin juna, kowanne da alamominsa a jiki. Girman Sharko ya sa majalisa ta saurari batun da likitoci suka rufe wa ƙofa shekara arba'in, wannan kuwa taimako ne babba.

Amma mutanen Nansi suka ce bayaninsa kuskure ne. Su sun gwada dubban mutane masu lafiyar hankali, manoma da ma'aikata da tsofaffin sojoji, sun ga yawancinsu suna shiga wannan hali, ba su kuwa taɓa ganin matakan nan uku ba sai ga wanda ya riga ya ji labarinsu ko ya ga ana yi. Sharko mata kaɗan ya ke nuna wa jama'a, waɗanda suka daɗe a asibiti, aka yi ta gwaji a kansu, suna jin abin da likitoci ke faɗi a gabansu. Ashe sun koyi abin da a ke so su yi ne, ba tare da su ko likitocin sun farga ba. Aka yi ta ja-in-ja a littattafai da tarurruka, har a babban taron ƙasashe da aka yi kan wannan ilmi a Faris cikin Agusta 1889. Sharko ya mutu cikin 1893, bayaninsa bai daɗe a bayansa ba. Babinski, ɗaya daga manyan almajiransa, shi da kansa ya komo ya ce cusa tunani ne ke haifar da irin alamomin nan.

Mutanen Nansi ma ba su kuɓuta daga wuce gona da iri ba. Liégeois ya tsaya a kan cewa ana iya sa wanda ya nutse ƙwarai ya aikata babban laifi ba da sonsa ba. Cikin 1890 ya je kotu a Faris ya ba da wannan hujja don kāre wata mace da a ke tuhuma da hannu cikin kisan kai. Kotu ba ta karɓa ba, aka ɗaure ta shekara 20.

KWALBAR RUWA

Shi kansa Liyebo ya taɓa yin tuntuɓe, yadda ya tashi kuwa shi ne abin da ya fi ƙayatar da mu cikin labarinsa. Mata sun riƙa kawo masa jarirai, waɗanda ba su kai jin magana ba balle a lallashe su. Ya kan ɗora musu hannu kawai, ko ya ba da ruwan da ya yi wa shafar maganaɗisu, sai ya ga da yawa sun sami sauƙi. Ya ce a ransa, tun da jariri bai san abin da a ke faɗi ba, watakila dai akwai ƙarfin nan na Mesmer. Har ya buga ɗan littafi cikin 1883 yana faɗin haka, watau ya rushe rabin abin da ya yi shekara ashirin yana ginawa.

Bernheim bai yarda ba. Ya ce jariri ya fi yadda a ke zato lura, yana jin natsuwar uwarsa in hankalinta ya kwanta, uwa kuma in ta sa rai ta kan ga sauƙi da wuri. Aka shirya gwaji. Aka ɗebo ruwa zalla wanda ba a yi masa kome ba, aka riƙa ba uwaye a kan magani ne mai ƙarfi. Sauƙin da aka samu bai bambanta da na ruwan da aka shafa ba. Liyebo, yana tsoho mai shekara kusan saba'in, sunansa ya riga ya kai ƙasashe, ya rubuta cikin littafinsa na 1891 cewa ya yi kuskure, babu wani ƙarfi da ke fita daga hannunsa.

ƘARSHEN KWANANSA

Shekarun nan ne baƙi suka yi ta zuwa. Forel ya zo daga Suwizalan. Van Renterghem ya zo daga Holan, ya koma ya buɗe ɗakin jinya irin wannan a Amsadam cikin 1887 tare da abokinsa van Eeden. Lloyd Tuckey da Milne Bramwell suka zo daga Ingila. Wetterstrand ya kafa hanyar a Suwidin. Cikin 1889 wani likita daga Biyana mai suna Sigmund Freud ya zo, wanda ya fassara littafin Bernheim da Jamusanci. Daga baya ya bar wannan hanya ya kama tasa, amma ya rubuta cewa ganin tsohon nan cikin matan talakawa da 'ya'yansu ya taɓa zuciyarsa, kuma a Nansi ne ya ƙara tabbata akwai tunani mai ƙarfi da ke aiki cikin mutum ba da saninsa ba. Wani mai sayar da magani kuma, Émile Coué, ya koyi aikin wurin Liyebo wajen 1885, ya shahara daga baya da koya wa mutane yadda za su lallashi kansu da kansu.

Cikin Mayu 1891 Liyebo ya ajiye aiki. Likitoci daga ƙasashe dabam dabam suka haɗa kuɗi, suka taru a Nansi suka girmama shi. Ya zauna a gidansa har ya mutu ran 18 ga Fabrairu, 1904, yana da shekara 80. Titin da gidan ya ke an sa masa sunansa.

ABIN DA YA TABBATA BAYANSA

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya ba. Ya ɗauka wannan hali barci ne na sosai. Bayan da aka ƙago na'urar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda Hans Berger na Jamus ya bayyana cikin 1929, sai aka ga ƙwaƙwalwar wanda aka lallasa ba ta yin irin motsin mai barci, ta fi kama da ta mutumin da ke farke, ya natsu, ya tara hankali. Bernheim ma tun da wuri ya nuna maganar likita tana aiki ko mutum idonsa biyu. Har wa yau Liyebo ya gwada dabararsa a kan cututtukan da ba ta da iko a kansu, kamar tarin fuka da shawara. A shekarar nan ta 1882 da Bernheim ya je wurinsa ne Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, ita kuwa ba ta jin lallashi. Mai irin wannan ciwo zai iya samun barci da saukin raɗaɗi, amma cutar tana nan tana cinsa. An kuma tabbatar, kamar yadda Bernheim ya fara nunawa, cewa ana iya sa wanda aka lallasa ya tuna abin da bai taɓa aukuwa ba, ya kuma rantse a kansa. Don haka aikin yana bukatar wanda ya koyi likita, mai amana.

Amma gindin aikinsa ya tsaya daram. Cikin 1955 Ƙungiyar Likitocin Biritaniya ta amince a yi amfani da wannan dabara wajen rage zafin ciwo, da naƙuda, da aikin haƙori, da waɗansu cututtukan damuwa, ta kuma ce a koya wa ɗaliban likita. Cikin 1984 likitoci a Manchesta suka buga sakamakon gwajin da ya nuna tana taimakon masu wani naci na ciwon hanji wanda magani ya gaza a kansa. Daga 1992 wani asibiti a Liyej ta Beljiyam ya shiga yi wa mutane waɗansu fiɗa da wannan lallashi haɗe da allurar kashe zafi, maimakon a sa su dogon barci da magani. Kalmomin da a ke buɗe aikin da su kuwa, nauyin ido da sakin gaɓoɓi, su ne dai na ɗakin lambun Nansi.

To, jama'a, mutumin da ya zo muku ya ce yana da wani asiri a idonsa ko a hannunsa, wanda zai sa ku barci ya warkar da ku daga kowace cuta in kun biya, ku tuna wanda ya fi kowa sanin wannan aiki a zamaninsa kyauta ya yi shi, a bainar jama'a, ya kuma shaida da alƙalaminsa cewa ruwansa da ruwan rijiya ɗaya ne. Abin da ke aiki shi ne natsuwar mara lafiya, da amincewarsa, da maganar da aka faɗa masa a lokacin da zuciyarsa ke buɗe. Malaman makaranta kuma, da duk wanda jama'a ke tsayawa gaban teburinsa, yana da kyau su yi tunani a kan wannan. Yaron da ya yarda da malaminsa yana karɓar maganarsa kusan yadda mutanen Liyebo ke karɓar tasa. In kullum ana ce masa daƙiƙi, kada a yi mamaki ran da ya kasa karanta abin da ya iya jiya.